Bashin Goro a Aboabo

Ƙarfe sha ɗayan dare a Aboabo,
fanka na juyi kamar an yi mata dole,
littattafan bashin Kawu Issaka guda tara
jibge a gefen kwamfutata,
bangonsu ya yi ja da yatsun masu cin goro.

Da la'asar ya ce, yana ɓare fari:
"Rahinatu, ke da kika yi karatun inji,
zuba mini su duka a waya.
In na ce Gariba na Bawku,
kafin in tofar da tuƙa ya fito."

Na fara da mafi sauƙi, jeri,
suna bayan suna, kamar ɗalibai a benci.
Dubu goma sha huɗu.
Na nemi Gariba, injin ya kama daga farko
yana bin kowa: kai ne? kai ne?
har tsohuwar wayar ta ɗau zafi a tafina.

Sai na tuna gidan waya na Adum,
akwatuna ƙanana a bango, kowane da lambarsa.
Na rubuta ɗan lissafi mai tauna suna
ya tofo lamba,
lamba ta nuna akwati.
Gariba, ɗari biyu da bakwai. Ƙiftawar ido.
Ashe Gariba uku ne a littafin,
ga wata Lantana da lissafin ya jefa can
babu gaira babu dalili.
Ban kori kowa ba.
Na ɗaura su jerin gwano,
kowa riƙe da bakin rigar na gabansa.

A kayan sito na kusa tafka ɓarna.
Na ɗora huhu kan huhu,
na ƙarshen shiga shi ne farkon fita,
yadda Inna ke jibge kwanoni.
Kwano ba ya lalacewa. Goro fa?
Na ƙasa zai zauna har sankara ta cinye shi.
Na goge.
Na mai da shi layin tashar trotro a Kejetia,
wanda ya riga zuwa ya riga tafiya.

Bishiya ce ta hana ni barci.
Na dasa ta don ranakun biya,
ƙarami hagu, babba dama.
Da yake kwanakin a jere suka shigo,
kowane reshe ya kwanta dama,
ta miƙe siririya kamar gora,
ba rassa, ba inuwa, hawa sai wahala.
Sai da na koya mata karkata da dawowa
kamar 'yar dako mai gyara gammo
in kaya ya rinjayi gefe ɗaya.

Aka ɗauke wuta ƙarfe biyu.
Na ƙarasa da ragowar batir,
sauro na taya ni duba layuka.

Da safe na miƙa wa Kawu waya.
"Gariba," ya ce. Ya fito.
"Lantana." Ta fito.
Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana tauna.
"Madalla. To, motar Fuseini za ta tashi Talata,
Techiman, Kintampo, Tamale, Bolga.
Su wa zai karɓo mini kuɗi a hanya?"

Akwatunana suka yi tsit.
Sun san kowa da sunansa,
ba su san wa ke maƙwabtaka da wa ba.

Shekara talatin da ɗaya
Kawu bai taɓa neman mutum ta harafi ba.
Ta hanya yake bi,
daga gada zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa zango,
wane a bakin tasha, wane sai an ratse.
Ni kuwa dare guda na gina gida
ban tambayi ta ina mai shi ke shiga ba.

Na jawo takardar siminti,
na ɗiga gari, na ja zare zuwa gari.
"Daga Tamale hanya nawa, Kawu?"
Ya raba goron biyu, ya turo mini rabi.
"Da rani ko da damina?"